Alhaji Gidaɗo da Tattabarun Laka

Duk Bahaushen da ya zauna a Alƙahira ya ce bai san Alhaji Gidaɗo ba, to a kai shi a duba masa kunne, don ko bai gan shi ba ya ji shi. Ƙasar Masar ta ga manyan mutane. Wasu an gina musu dala, wasu an kafa gunkinsu a tsakiyar titi motoci na zagayawa. Amma maharbi na gaske, wanda namun daji ke jin sunansa su rasa barci, sai da ta yi haƙurin shekaru dubbai kafin jirgin Kano ya sauke mata shi, da akwati biyu da tumbi ɗaya.

Sana'arsa ta ido ita ce fatauci. Ya shiga kasuwar Ataba ya sayi abayoyi da takalma da fitilun caji, ya ɗaure, ya tura gida. Amma wannan, in ji shi, abin rufin asiri ne kawai. Abin da aka halicce shi dominsa shi ne daji. Shi da dajin kuwa akwai mutunta juna ƙwarai a tsakaninsu: kowa na zaune inda Allah Ya ajiye shi, ba mai takura wa wani da ziyara.

Shi ya raɗa wa kansa Sarkin Bakan Masar, wato shugaban maharban ƙasar baki ɗaya, kuma ba wanda ya tsaya takara da shi. Ɗaliban jami'ar Azhar mazauna unguwar Abbasiya, da yake yara ne masu ladabi, suka ƙara masa da nasu: Harbi Ɗaya, Dodon Ɓauna, Zakin Hawa na Biyar. Na ƙarshen nan ya fi so, don a hawa na biyar ɗin yake zaune, kuma bai taɓa tsayawa ya tambayi abin da zaki ke nema a saman bene ba.

Wanda ya shiga falonsa ya shiga gidan tarihi. A bango akwai doguwar bindiga mai adon farin ƙarfe, wadda ya ce ta wani basha ce, wato babban hakimi, na zamanin Turkawa. A kasuwar 'yan yawon buɗe ido ya saye ta, inda irinta ke rataye jeri-jeri, da alama bashan mutum ne mai tarin makamai. Bakinta a toshe yake, ba rami ko na allura. In ka tambaya sai ya dube ka da tausayi ya ce mutanen da can ba sa barin ƙura ta shiga makaminsu. Ƙarƙashinta akwai 'yar bindigar hannu, baƙa wuluk, mai ban tsoro. Ita wannan tana aiki, ba ƙarya. Kullum da safe matarsa Hajiya Zulfa ke zuwa ta ɗauka ta kunna gas da ita, ta mayar. Sai bindigar iska, wadda ita kaɗai ta taɓa zubar da jini a gidan: ta kashe ƙwan fitilar baranda, ɓaraguzan suka yanki Alhaji a ɗan yatsa. A kan kujera kuma ga fatar damisar da ya yi kokawa da ita a dajin garinsu. Wata irin damisa ce da ba a cika samu ba, mai zif a ciki.

Likita ya rubuta masa tabarau tun tuni, ya ce in ba da shi ba, duk abin da ya wuce tsawon hannu hasashe ne. Alhaji yana sawa in zai duba kaya a ɗaki, ƙofa a rufe. A waje kuwa, sam. "Maharbi da tabarau? Idon nan da kuke gani ya taɓa hango gada tana ƙifta ido a bayan tsauni." Da wannan idon ne ya tsaya ya gaida tukunyar gas a ƙofar gida, har ya tambaye ta yara, yana zaton matar mai gadi ce.

Jarumtarsa an gan ta a fili farkon shekarar 2011, lokacin da gari ya hargitse, 'yan sanda suka ɓace daga tituna, samarin kowace unguwa suka kafa shinge suna gadi da sanduna. Alhaji ya karɓi ragamar tsaron layinsu gaba ɗaya, daga baranda. Ya bar wa yara gadin dare, shi ya ɗauki mafi haɗari: daga bayan karin kumallo zuwa kiran azahar. "Ɓarawo mai ilmi da hantsi yake zuwa," in ji shi, "lokacin da kowa ya saki jiki." Kuma a faɗi gaskiya, duk tsawon gadinsa ko cokali ba a sata a layin ba. Har yau yana mamakin yadda hukuma ta manta ba ta kira shi ta gode masa ba, amma ya yi mata uzuri, ayyuka sun yi mata yawa.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Sarautar tasa ba rawani. Hausawan Alƙahira suna da ƙungiya, shugabanta Malam Sulaimanu, dattijon da ya zo karatu da baƙin gemu, karatun bai ƙare ba gemun ya yi fari. Shi ke naɗa 'yan sarautun zumunci, irin su Sarkin Zango mai tarbar baƙi a filin jirgi. Alhaji ya kai buƙatarsa ya fi a ƙirga, har da kyautar turare. Ran nan Malam Sulaimanu ya gaji, ya ce masa a gaban jama'a, "Alhaji, labarin farautarka mun ci mun ƙoshi. Naman ne ba mu taɓa gani ba. Ranar da ka harbo da hannunka muka sa a baki, ni da kaina zan naɗa maka rawanin."

Alhaji ya yi murmushi irin na wanda aka ba ƙaramin aiki. A zuci kuwa ya shiga uku, don namun dajin Abbasiya ba su wuce kyanwa da ɓera ba, kuma duka biyun Malam Sulaimanu zai gane su ko a cikin miya.

Ana cikin haka Allah Ya kawo Benjamin. Ma'aikaci ne a ofishin jakadancinmu, mutumin Kafanchan, Hausa a bakinsa ta fi ta wasu Kanawa, ga shi ba ya son hayaniya. Matarsa ce ke son aika takalma gida, ya zo Alhaji ya zaɓar mata. Ya ga bango, sai ya yi kuskuren cewa shi ma yakan ɗan taɓa harbi ranar Asabar, a wani fili da ke hanyar sahara, gaba da Giza.

"Me kuke harbi?" in ji Alhaji, ya gyara zama.

"Turawa na ce masa clay pigeon. Tattabara ke nan, amma ta laka. Wato, Alhaji, ba irin..."

"Dakata, ƙanena. Ni za ka yi wa bayanin tattabarar laka? Kai da ka zo ƙasar nan jiya? Ka taɓa bin hanyar Fayyum? Ka ga dogayen hasumiyoyin nan na laka masu ramuka kamar rariya? To a ciki suke kwana. Tattabarun laka. Ƙiba gare su kamar zabi, ƙirji kamar na ɗan dambe. Ba tsuntsun da na yi nazari a kansa kamarsu. Na san tashinsu, na san saukarsu, na san abin da suke tunani."

"Alhaji, ai inji ne yake..."

"Inji ke buɗe musu ƙofa, na sani. Zamani ne. Asabar ka biyo ka ɗauke ni, in nuna maka wasu 'yan dabaru."

Benjamin ɗan aikin jakadanci ne, an horar da shi kada ya katse babba, balle babban da ke katse shi. Ya ce a ransa Asabar ai ba nisa, ido zai yi bayanin da baki ya kasa. Abin da bai sani ba shi ne, kafin ya gama sauka daga bene Alhaji ya ɗauki waya.

Kafin magariba duk Abbasiya ta ji: ranar Asabar bayan la'asar akwai walimar naman farauta a hawa na biyar, kuma a gaya wa Malam Sulaimanu ya taho da rawani. Ɗaliban da suka daɗe suna juya dafaffen waken nan na Masar, safe wake, rana wake, suka ji kalmar nama, wasu har suka yi sujadar godiya. Hajiya Zulfa ta tambayi mijinta tukunya nawa za ta ɗora. Ya ce ta aro na maƙwabta. Ta ce to. Ta aro tukwanen, ta kuma sayo kifin gwangwani ta ɓoye a bayan buhun shinkafa, don ta daɗe tana auren maharbi.

Asabar da safe Benjamin ya tsaya da mota, ya ga wani abu na saukowa daga bene. Riga mai launin ganye, aljihu ta ko'ina. Layu a damtse, layu a ƙugu, malafa a ka. Wuƙa a kube, gorar ruwa, igiya, ashana. Buhu biyu a kafaɗa, don kada ɗaya ya kasa. Tabarau an bar shi a gida yana hutawa. A hanya Alhaji ya lashi yatsa ya miƙa ta taga, ya sanar cewa yau iska daga gaba take zuwa. Motar na gudu a lokacin.

Filin harbin shimfiɗaɗɗen wuri ne, yashi har iyakar gani, da rumfa da kujeru, da wasu manyan Misirawa suna shan shayi. Mai kula da wurin, wanda kowa ke kira Kaftin, ya tarbe su da fara'a, ya kira Alhaji basha. A Alƙahira ko mai neman hanya basha ne in ana son a sallame shi da wuri, amma Alhaji ya dubi Benjamin ya ɗaga gira: ka gani, sun gane mutum.

Ya duba bai ga hasumiya ba, ya ce lalle a bayan tudu take. Ya yi wa masu shan shayi alamar su rage murya kada su firgita tsuntsaye. Sannan ya ja Benjamin gefe.

"Kai fara, in ga hannunka. Amma ka san bismillarka ba irin tamu ba ce. Duk wadda ka kayar, ni zan kai mata wuƙa kafin ta cika, kada ta zama mushe a yi asara."

"Alhaji, don Allah ka tsaya bayan layin nan dai."

"Layi na masu koyo ne."

Benjamin ya ɗaga bindiga ya yi 'yar tsawa. Wani abu ya fito daga rami a ƙasa ya yi sama da gudu. Ƙara ta tashi, abin ya tarwatse. Kafin hayaƙi ya baje Alhaji ya zare wuƙa ya ƙetare layi, tumbi a gaba, layu na kaɗawa, buhu na binsa a baya, yana kabbara. Kaftin ya busa usur kamar zai fasa shi. Duk filin aka sauke bindigogi. Masu shan shayi suka miƙe da kofuna a hannu, suna kallon baƙo yana zagaya yashi a sunkuye da wuƙa tsirara.

Ba jini. Ba gashi ko ɗaya. Abin da ya samu 'yan ɓaraguzai ne masu ruwan lemo, kamar an fasa murfin tukunya. Ya ɗauki ɗaya ya kawo dab da hanci, inda idonsa ke aiki. Ya shinshina. Benjamin ya iso yana haki.

"Ina tsuntsuwar?" in ji Alhaji.

"Ita ce a hannunka. Faranti ne na laka. Inji ke jefa shi, mu harba. Sunan ne kawai tattabara."

Da wani ne, da ya roƙi ƙasa ta tsage ya shige. Alhaji Gidaɗo ba wani ba ne. Ya mayar da wuƙa kube a hankali, ya kaɗe hannu, ya juya ya fuskanci rumfa, ya yi jawabi da Hausa ga mutanen da ba sa jin ta.

"Na sani. Gwada ku nake, in ga ko tsaronku na aiki. Yana aiki, na yaba. Amma a gaya wa masu wurin nan, wannan almubazzaranci ne. Me faranti ya yi muku? A garinmu mutum ya fasa ɗaya sai an kai ƙararsa wurin uwarsa, ku kun kafa masa inji."

Kaftin bai ji ko kalma ba, amma ya ce tamam ya basha, wato daidai ne ranka ya daɗe, ya miƙa masa bindiga da abin toshe kunne. Alhaji ya ƙi abin kunnen. Wannan ce bindiga ta farko mai cin harsashi na gaske da ta taɓa shiga hannunsa, kuma ya riƙe ta nesa da kafaɗa kamar jaririn da ya yi fitsari. Ya rufe ido ɗaya don saiti. Da farantin ya tashi ya rufe ɗayan ma. Bindiga ta yi magana, ta kuma dawo baya ta gaida kafaɗarsa, sai ga Sarkin Bakan Masar zaune daɓas a yashi, malafa a gefe.

"Harbin zaune ke nan," ya ce da ƙarfi, don ba ya jin muryar kansa. "Na mutanen Katagum ne. Ba kowa ake koya wa ba."

Farantin kuwa ya gama tafiyarsa ya sauka lafiya, ko ƙwarzane babu. Aka ɗauko shi aka mayar cikin inji.

A mota ne maganar walima ta fito, a hankali, kamar ana cire ƙaya. Benjamin ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Har da Malam Sulaimanu?"

"Har da rawani."

"Da ka bar ni na ƙarasa maganata ran nan, Alhaji."

"Laifin Turanci ne. Harshen da zai kira faranti tsuntsu ba harshen amana ba ne. Kai dai sauke ni a Giza. Kuma ka sani, maharba ba sa kai labarin daji cikin gari. Doka ce."

Benjamin ya ce shi bai ga komai ba, ya kuma tuna cewa yammacin nan yana da aiki mai yawa a gida.

Alhaji ya kutsa wata kasuwa a lungunan Giza inda ba Bahaushe ko ɗaya, ya sami wata mai sayar da kaji da tattabaru, Sitt Amna, mace mai faɗin kafaɗa da saurin hannu. Larabcin Alhaji na Ataba ne: ya iya nawa, ya iya rage, ya iya yalla, wato mu je. Ya nuna kejin tattabaru, ya zagaya hannu alamar duka, ya ja yatsa a wuya, ya yi alamar figa. Sitt Amna ta dubi yawan tsuntsayen ta gane biki ne. Ta ce, "Mahshi, ya Hag?"

A nan sai an ɗan tsaya. Misirawa na da kalma biyu masu kama da juna. Akwai mashi, wato to, shi ke nan, na yarda. Akwai kuma mahshi, wato a cusa wa abu shinkafa da kayan ƙamshi a ciki a ɗinke, sai dafawa. Tsakaninsu harafi ɗaya ne daga can cikin maƙogwaro, harafin da kunnen Alhaji bai taɓa damuwa da shi ba ko a ranar lafiya, balle yau da bindiga ta bar masa ƙugi. Ga shi kuma duk Larabci ba kalmar da ya fi so kamar mashi, tunda a Hausa ma makami ce.

"Mashi, mashi," ya ce, ya buga ƙirji.

Ta ce ya ba ta lokaci, ta kira 'yan'uwanta mata suka zauna aiki. Shi kuma ya tafi gidan shayi na kusa, inda ya yi wa wasu tsofaffi bayanin yadda ake kama ɓauna ta ƙaho, rabi da hannu rabi da Larabcin ciniki. Da ya dawo ya tarar da kaya a ƙulle cikin baƙaƙen ledoji. Bai buɗe ba, babban mutum ba ya bincike. Ya zura su cikin buhu, ya roƙi gashin tsuntsu ya barbaɗa a kai, ya maƙala wasu a riga da gemu. Da ya ɗaga buhun ya ji nauyi, sai ya gyaɗa kai. Tattabarun laka ke nan. Kafin tasi ta kai Abbasiya ya fara tuna yadda ya harbo su.

Falo ya cika har bakin ƙofa, takalma sun gangara kan matakala. Malam Sulaimanu na zaune da sabon rawani a ninke a cinya. Alhaji ya shigo a hankali, kafaɗa ɗaya a karkace, gashi na tashi daga jikinsa. Ya hana a kai buhu kicin. Ya ce a kawo babban tire nan tsakiya, jama'a su shaida.

"'Yan'uwa," ya fara, "ba zan yabi kaina ba, ba halina ba ne. Sun taso garke guda daga gabas, rana a idona, iska ba ta tare da ni. Abokin tafiyata ya ce in tsaya bayan layi. Na ce masa, ƙanena, matsa. Na zauna a ƙasa irin na Katagum. Abin da ya biyo baya, Misirawan da ke wurin sun miƙe tsaye da kofuna a hannu, a je a tambaye su. An dakatar da harbi a filin gaba ɗaya saboda ni. Figar kuwa ma'aikatan wurin ne suka yi, don a can ba a barin basha ya taɓa gashi."

Ya farke ledoji ya juye. Tattabaru suka gangaro kan tire, farare, kumbura-kumbura, kowace ta harɗe ƙafa kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Ɗalibai suka yi tasbihi.

A cikinsu akwai Malam Ishaq, mai neman digiri na uku a fiƙihu, wanda ko ruwa aka ba shi sai ya tambayi hukuncinsa. Ya matso ya ce, "Allah Ya ƙara wa Alhaji daraja. Ba shakka nake ba, neman natsuwa ne kawai. Malamai sun yi tafsili a babin farauta, ana son a ga inda makami ya shiga." Ya ɗauki ɗaya ya juya. Ya sake juyawa. "Ban ga raunin harsashi ba."

"A ido nake samunsu."

"Kan ma babu, Alhaji."

"To ka gani."

Malam Ishaq ya ɗan danna cikin tsuntsuwar da yatsa. Shinkafa ta leƙo. Ya ƙara dannawa, ta zubo kan tire, jawur da ita, tana ƙamshin kirfa.

Alhaji ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa tiren, ya ga abin da kowa ya riga ya gani. Ya ɗago.

"Kiwo suka yi. A gonar shinkafa na same su."

"Akwai albasa a ciki, Alhaji. Soyayya."

"Gonar albasa na maƙwabtaka. Zafin harsashi ne ya soya ta."

Malam Ishaq ya kama wani abu a bayan tsuntsuwar ya ja. Farin zare ya biyo hannunsa, dogo, ɗinki mai kyau, na macen da ta san aikinta. Ya ɗaga shi sama, ya tambaya da ladabi, "Wannan kuma a wane babi za mu sa shi?"

Alhaji ya shiga tsince gashin tsuntsu daga gemunsa.

Malam Sulaimanu ya miƙa hannu ya ɗebi 'yar shinkafar ya sa a baki. Ya tauna a hankali. "Gishiri ya ji," ya ce. Wani a bayan ƙofa ya kasa riƙewa, daga nan falo ya fashe da dariya har maƙwabta suka leƙo. Da aka lafa, dattijon ya share hawaye da gefen rawanin, ya mayar da shi cikin jaka. Ya ce maganar Sarkin Baka a ɗan dakata, ana bincike. Amma mutumin da ya ciyar da ɗalibai tattabara ba zai tashi hannu wofi ba: daga yau ƙungiya ta san shi da Sarkin Mahshi, kuma wannan sarautar ba ta buƙatar rawani.

Aka dafa, aka soya, aka ci har ƙashi. Kowa ya yarda ba a taɓa walima irinta a Abbasiya ba. Alhaji ya ci nasa a tsaye a baranda, ya juya wa falo baya, yana duban sama kamar mai jiran wani garken.

Da baƙi suka watse, Hajiya Zulfa ta fito tana goge hannu, ta tsaya a bayansa.

"Sannu da daji, Alhaji."

"Yauwa."

"Wallahi ka rage min aiki. In za ka koma, ka ɗan ƙara haƙuri ka jira garken soyayyu."